Babban akwati, ƙaramin ciki: Yadda kwamfutar dala 199 ta kasa zama a kantunan Walmart

Ranar Alhamis 1 ga watan Nuwamba na 2007, masu sayayya a wasu kantunan Walmart na Amurka sun tarar da sabon kaya a ɓangaren na'urori: kwamfutar tebur ce sabuwa dal a cikin kwalinta, an liƙa mata farashin dalar Amurka 199. A canjin wancan lokaci, kuɗin wajen jika 90 ne na sefa. Sunanta gPC, kuma kamfanin Everex da ke jihar Kalifoniya ne ya haɗa ta.

Walmart shi ne kamfanin kantuna mafi girma a duniya, inda magidanci ke sayen sabulu da abinci da kayan yara a wuri guda. Ga shi kuma hidimar Kirsimeti ta ƙarato, lokacin da ƴan kasuwar Amurka ke yin cinikin da ya fi na kowane wata a shekara. Duk wanda ya ji labarin ya ɗauka kasuwa ta buɗe wa Everex ke nan.

Da farko haka aka gani. Cikin makonni biyu kwamfutar ta ƙare ƙaf a shafin intanet na Walmart. Amma a watan Maris na 2008, bayan wata huɗu kacal, kamfanin ya sanar da cewa ba zai sake ajiye ta a kantunansa ba. Kakakinsa, Melissa O'Brien, ta shaida wa kamfanin dillancin labarai na AP cewa wannan ba shi ne abin da masu sayayyarsu ke nema ba.

Yaya aka yi kayan da aka yi rububinsa a intanet ya rasa gurbi a kanti? Amsar ta shafi mai shagon kwamfuta a Yamai ko Maraɗi, da ɗalibin da ke tara kuɗi don ya mallaki tasa, da mazaunin ƙasar waje da ke shirin aiko wa ƙannensa da ita.

Me ke cikin akwatin?

Wanda ya buɗe akwatin gPC zai ga fili ya fi kaya yawa. Kayan cikinta ƙanana ne: ƙwaƙwalwa samfurin C7-D ta kamfanin VIA na Taiwan mai gudun gigahaz 1.5, ma'adanar aiki, wato RAM, mai megabait 512, da diski mai gigabait 80. Akwai wurin sa faifan CD da DVD, sannan an haɗa da allon rubutu da linzami da ƴan lasifika. Ekaran kuwa babu. Sai mai saye ya nemo nasa.

Kayan nan za su shiga ƙaramin akwati ba tare da matsi ba. To me ya sa aka zuba su cikin dogon akwati irin na manyan kwamfutoci? Mujallar Wired ta ruwaito a lokacin cewa binciken kasuwa ne ya nuna masu sayayya a Walmart na auna ƙarfin kwamfuta da girman jikinta. In ta yi ƙanƙanta, sai a ɗauke ta abin wasan yara. Don haka aka ba su girman da idonsu ke so.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen ɗan kasuwa. Mai sayar da tumatir ya san dalilin da ya sa manya ke zama a saman kwando. Sai dai akwati na yin aikinsa ne a kanti kawai. Da an kai gida an kunna, babu mai sake kallonsa. Abin da ke kan ekaran ake kallo.

Harafin “g” na sunan kuwa, an ce na kalmar “kore” ne a Turanci, don nuna cewa na'urar ba ta shan wuta sosai. Ƙwaƙwalwarta ba ta wuce wat 20 ko a lokacin da take aiki tuƙuru, alhali irin waɗanda aka saba sakawa a kwamfutocin tebur na wancan zamani na cin ninkin haka sau uku ko fiye.

Inda aka rage kuɗin

Babban abin da ya bambanta gPC da sauran kwamfutocin da ke jere kusa da ita shi ne ba ta da Windows. Duk kamfanin da ya sa Windows a na'urarsa sai ya biya Microsoft kuɗin lasisi, shi kuma ya ɗora wa mai saye. A kwamfuta mai tsada ba a cika jin nauyin ba, amma a ta dala 199 kowace dala ana lissafinta. Ƙari a kan haka, Windows Vista da ta fito a watan Janairun 2007 tana da nauyi. A kan RAM mai megabait 512 tafiyar hawainiya take yi. Everex na da wata kwamfutar mai kama da gPC a Walmart, mai Vista da RAM ninki biyu, ita kuma dala 298 ake sayar da ita.

Sai aka ɗauko Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, wadda kowa ke da damar ɗauka kyauta ya gyara yadda yake so. Wani ƙaramin kamfani a birnin Los Angeles mai suna Good OS, ƙarƙashin David Liu, ya ɗauki nau'in Linux da ake kira Ubuntu, ya yi masa kwaskwarima, ya sa masa suna gOS. A ƙasan ekaran aka jera manyan alamomi: Gmail, YouTube, Facebook, Wikipedia, Skype, Google Docs da sauransu. An kuma haɗa da OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta. Ganin yadda kayan Google suka cika fuskar na'urar, mutane da yawa sun ɗauka Google ne ya yi ta, alhali ba shi ba ne.

Tunanin masu ita shi ne: yawancin mutane saƙo suke aikawa, su kalli bidiyo, su rubuta wasiƙa, su yi bincike. Duk wannan ana iya yin sa a intanet. Me zai sa su biya kuɗin abin da ba su buƙata?

Lissafin ya yi kyau a takarda, amma akwai gibi a cikinsa. A farkon 2007, binciken cibiyar Pew ya nuna kusan rabin manyan Amurkawa ne kawai ke da intanet mai sauri a gida, kuma a gidajen masu ƙaramin ƙarfi kason bai kai haka ba. Ke nan na'urar da aka gina a kan intanet, an nufi mutanen da suka fi kowa ƙarancin intanet da ita.

Kaya ɗaya, kasuwa biyu

Waɗanda suka kwashe gPC a shafin Walmart, akasari mutane ne da suka ga labarinta a shafukan fasaha. Sun san Linux, sun san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. In gOS ba ta yi musu ba, cikin sa'a guda za su goge ta su sa wata. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai shiga kanti kuwa daban yake. A lokacin, fiye da kwamfutoci 9 cikin 10 na duniya Windows ke kansu. A wajen uwar da ta zo saya wa ɗanta na'urar aikin makaranta, kwamfuta da Windows abu ɗaya ne, kamar yadda mutum ba ya tambaya ko sabuwar mota na da sitiyari. Sai an je gida za a gane faifan wasan da yaro ya aro ba ya buɗewa, manhajar da ake amfani da ita a wurin aiki ba ta hawa, faifan da ya zo tare da na'urar buga takardu shi ma na Windows ne. Maƙwabcin da ya saba taimakawa in kwamfuta ta rikice, shi ma bai taɓa ganin irin wannan fuska ba.

A irin waɗannan kantuna babu ƙwararren da zai zauna da kai ya yi maka bayani. Kwali ne ke talla, farashi ne ke magana. Sannan dala 199 ɗin ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba, tunda sabon ekaran a wancan lokaci na iya cin sama da dala 100. Masu gwada na'urori ma ba su yi mata sassauci ba. Mujallar PC Magazine ta gwada ta, ta ba ta maki kaɗan.

Walmart dai gwaji ya yi tun farko: a kantuna wajen 600 ya ajiye ta, daga cikin sama da 3,000 da yake da su a Amurka. Abin lura, waɗanda aka ajiye ɗin sun ƙare, amma duk da haka kamfanin bai ga dalilin sake oda ba. A babban kanti kowane taku na kanta kuɗi ne, kuma kayan da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, ga shi yana buƙatar dogon bayani, ba ya daɗewa a wurin. Walmart ya ci gaba da sayar da sabon samfurin, gPC2, a intanet kawai. Wani jami'in Everex, Paul Kim, shi ma ya amsa cewa cinikin intanet ya fi musu tasiri nesa ba kusa ba. A 2009 Everex ya rufe harkokinsa a Amurka.

Ba gPC kaɗai ta ga haka ba. A watan Oktoban 2008, Andy Tung na kamfanin MSI ya ce ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu Linux ana mayar musu da su aƙalla ninki huɗu na masu Windows, saboda mutane na kaiwa gida su tarar ba abin da suka saba da shi ba ne. Shi kuwa Microsoft, da ya ga inda kasuwar araha ta dosa, sai ya tsawaita sayar da tsohuwar Windows XP ga masu ƙera irin waɗannan na'urori.

Waɗanda suka riga su bin hanyar

Kafin Everex, wasu sun kai kwamfuta kantin talakawa kuma sun yi nasara. A 1981 kamfanin Commodore na Jack Tramiel ya fito da VIC-20 a Amurka a kan ƙasa da dala 300, ya zuba ta a kantunan Kmart da shagunan kayan wasan yara. Ba ta buƙatar ekaran, da talabijin ɗin gida ake haɗa ta. Tallanta kuma, wanda ɗan wasan fim William Shatner ya fito a ciki, ya kama iyaye ta inda suke ji: maimakon ku sayi na'urar wasa kawai, ga wadda yaro zai yi wasa kuma ya yi karatu da ita. Ita ce kwamfutar farko da aka sayar da guda miliyan ɗaya. Mai saye ya san abin da zai yi da ita tun kafin ya biya, kuma abin da zai haɗa ta da shi yana ɗakinsa.

A ƙarshen 1998 kamfanin eMachines, wanda wasu kamfanonin Koriya ta Kudu biyu suka kafa, ya shigo da kwamfutocin tebur daga dala 399, lokacin da aka saba ganin na kusan dala 1,000. Su ma babu ekaran, amma Windows ke kansu. Kafin shekara ta zagayo sun sayar da fiye da miliyan ɗaya. A gaban akwatin an liƙa wata takarda da ke cewa wannan kwamfuta ba za ta taɓa zama tsohon yayi ba. Sai mutum ya karanta ƙananan rubutu zai ga sharaɗin: ka yi shekara biyu kana biyan kuɗin intanet ɗin kamfanin, sannan ka ƙara dala 99 a sabunta maka ita.

Ciniki ya yi yawa, amma ƙorafi ma ya yi yawa, riba kuma ta ƙi zuwa. A 2001 aka cire kamfanin daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Wanda ya farfaɗo da shi, Wayne Inouye, daga kantunan Best Buy ya zo, kuma abin da ya sa a gaba shi ne ingancin kaya da kula da mai saye bayan ya biya. A 2004 kamfanin Gateway ya saye eMachines yana cikin ƙoshin lafiya.

Apple kuwa ya bi ta wata hanya a watan Janairun 2005 da Mac mini mai dala 499. Akwatinta ɗan ƙarami ne, kuma ƙanƙantar ita aka yi talla da ita. Steve Jobs ya faɗa a bainar jama'a cewa kowa ya zo da ekaran da allon rubutu da linzaminsa. An faɗi abin da babu tun kafin a tambaya, kuma har yau ana ƙera Mac mini.

Dabarar ba ta mutu ba

Tunanin masu gPC bai tafi a banza ba. Lokacinsa ne bai yi ba. A 2011 Google ya fito da Chromebook tare da Samsung da Acer: na'ura mai araha, mai Linux a ƙarƙashi, wadda kusan duk aikinta a intanet yake. Wannan karon intanet ya wadatu, sunan da ke jikin na'urar kowa ya san shi, an kuma sami masu buƙata na gaske, wato makarantu. A 2020, shekarar da cutar korona ta mayar da karatu gida, alƙaluman cibiyar IDC sun nuna an sayar da Chromebook fiye da kwamfutocin Apple.

Ita ma wayar Android da ke aljihun mai karatu, a kan ginshiƙin Linux aka gina ta. Babu wanda ya taɓa mayar da ita shago don ba ta da Windows, domin ba wanda ya saye ta da wannan zato. Matsalar gPC ita ce ta yi shigar kwamfutar da aka saba da ita, alhali halinta daban ne.

A kasuwanninmu

A nan gida, kwamfutar tebur mai araha galibi ta hannu ce: tsofaffin HP, Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Su ne ke aiki a sibar, da shagunan buga takardu na kusa da jami'o'i da ma'aikatu, da ɗakunan koyon kwamfuta. Da yawansu na da ƙarko. Amma tarkon da ya kama masu sayayyar Walmart yana nan: ido na kan akwati da farashi, ba a tambayar abin da ke ciki.

Girman akwati ba ya nuna ƙarfi. Wata ƙaramar na'ura da ba ta fi littafi ba tana iya fin doguwar gudu, ta kuma fi ta sauƙin shan wuta. Abin tambaya shi ne ƙwaƙwalwar wane zamani ce, RAM nawa ne, sannan diskin tsohon yayi ne mai juyawa ko sabon nau'in SSD. Rubutun “Core i5” kaɗai bai isa ba, domin tun 2009 ake fitar da masu wannan suna, kuma tsakanin na farko da na baya-bayan nan akwai rata mai yawa.

Akwai kuma maganar manhaja. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8. Wannan na nufin tsofaffin na'urori da yawa za su ƙara kwararowa kasuwannin Afirka da farashi mai jan hankali. Linux na iya ba irinsu sabuwar rayuwa, amma fa sai mai saye ya san da ita ya saya, kuma akwai wanda zai kama masa hannu a makonnin farko.

Farashin da aka faɗa a baki ma a ƙara masa na ekaran, da na ondilar, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Wuta na tafiya, aikin da ba a adana ba ya bi ta. Ga zafin watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Ga masu aikowa daga waje, abubuwa biyu ne ake yawan mantawa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 220, kuma wasu tsofaffin na'urori na da ɗan jan maɓalli a baya da sai an mayar da shi kan 230 kafin a jona. In ba haka ba, kunnawar farko ita ce ta ƙarshe. Na biyu, allon rubutun ƙasashe masu Turancin Ingilishi jerin harufansa daban yake da na Faransanci da ɗalibanmu suka koya, kuma babu harufa masu alama a kansa. Kafin a yi ɗawainiyar aikowa, a tambayi wanda za a aiko wa: wane aiki zai yi da ita, kuma akwai wuta da intanet a inda yake?

Shi kuwa mai shago, ribarsa na cikin abin da Inouye ya gano a eMachines: mai sayen da ya dawo da fushi ya fi wanda bai saya ba tsada. A unguwa labari ba ya kwana. A kunna na'urar a gaban mai saye, a buɗe masa irin aikin da ya ce zai yi, a faɗa masa abin da ba za ta iya ba, a rubuta masa kwanakin garanti a takarda. Ba a cinikin biri a sama.

Everex ya yi bincike har ya gano girman akwatin da idon mai saye ke so. Abin da mai sayen zai yi da na'urar a daren da ya kai ta gida ne bai sami irin wannan kulawa ba, kuma wata huɗu ya ishi Walmart ya yanke hukunci.